Memorin Injiniya da Kaset Ɗari Huɗu na Surukinsa

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso. Wannan kuwa ba a dawa aka yi ta ba, a kan wani layi aka yi ta, tsakanin shagon mai walda da injin niƙa.

A nan wani mutum yake da 'yar rumfa, yana sayar da caja da rigar waya. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓata, Injiniya kowa ke kiransa. Asalin sunan kuwa, wata rana aka kawo masa fanka ya gyara. Ya kwance ta, ya ɗaure, kusoshi uku suka rage a hannunsa. Da aka kunna sai ta riƙa zuƙe iskar ɗaki tana hura wa bango. Ya ce wa mai fankar ai sabon tsari ne, bango ne ke riƙe zafi, shi ya kamata a fara sanyayawa. Mai askin da ke tsallaken titi ya ɗaga murya ya ce, "Sannu, Injiniya!" Shi kuwa bai ji zolaya a ciki ba. Kashegari ya sa aka rubuta masa sunan a allon rumfa.

To, Injiniya yana da suruki, uban matarsa, tsohon direban babbar mota, wanda yaro da babba ke kira Baba. Shekara talatin da biyar Baba ya yi a kan hanya, kuma duk garin da ya sauke kaya sai ya sayi kaset. Da ya ajiye tuƙi, abin da ya tara a duniya bai wuce gida ɗaya, ciwon baya, da akwatin ƙarfe mai kaset ɗari huɗu da goma sha biyu ba. Kowanne ya rubuta masa lamba da hannunsa. Ka ce masa, "Baba, lamba tamanin da bakwai," sai ya lumshe ido ya gaya maka waƙar, da inda ya saye ta, da tayar da ta fashe masa a ranar.

Wata Asabar Injiniya da matarsa suka je gaishe shi, suka tarar da shi a tsakar gida ya yi tagumi, rakodarsa ta tauna zaren wani kaset.

"Na uku ke nan a watan nan," in ji Baba. "Zaren ya tsufa, rakodar ta tsufa, ni ma haka. Tsorona kada su riga ni tafiya."

Injiniya ya yi dariya irin ta wanda aka raina wa aiki. Ya zaro wayarsa, ya cire memorin ciki, ɗan abu bai kai farce ba, ya ɗora a tafin hannu.

"Baba, ka ga wannan? Duk akwatin nan zan juye maka a ciki. Har wuri zai rage."

Baba ya sa tabarau ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa. "Ɗana, ni dai na san lodi. Ban taɓa ganin an loda kayan tirela a baro ba."

"Wannan lodin zamani ne, Baba."

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. "Baban yara, ka taɓa yi kuwa?"

"Ji ta! Wanda ya fara ƙera jirgi, da ya taɓa yi ne?"

Baba ya nisa. "Ka ɗauka. Amma amana ce. Yadda suka fita gidan nan haka za su dawo, ɗari huɗu da goma sha biyu. Lamba tara kuwa, mai sarewar nan, da shi nake hawa dutse da kaya. Ka kula min da shi kamar ƙwayar idonka."

Kafin akwatin ya isa rumfa, labari ya riga shi isa, domin Injiniya ne da kansa ya bi layi shago shago yana nuna memorin. Mai aski ya bar wani da rabin kai a kan kujera ya tsallako.

"Wannan ɗin? Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba za ka je ka sayo babba a ɓoye ka ce shi ne ba?"

"Ni? In na canza shi, a goge sunana daga allon can."

Mai aski ya karɓi memorin, ya leƙa shagon mai walda, ya ɗiga masa jan fenti a baya da tsinke. "To, na yi masa shaida. Jama'a, kun ji da kunnenku."

Injiniya ya jona rakoda da tsohuwar kwamfutarsa, ya fara aiki. Kaset na juyawa, kwamfuta na ɗauka. In an gama ɗauka sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, yana tambaya a wace lamba za a ajiye sautin. Lambobin a jere suke, daga ɗari uku da ashirin a sama har zuwa takwas a can ƙasa. Injiniya ya zaɓi ta sama, ya ce babban mutum babbar lamba.

A kaset na goma sha biyu memori ya cika.

Ya cire shi, ya hura masa iska, ya girgiza, ya mayar. A cike dai. Ya dubi akwatin ƙarfe, kaset ɗari huɗu suna dubansa.

A ƙarshen layin akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, mutum marar son magana. Da ya zo wucewa ya ga gumi na zubo wa Injiniya, sai ya tsaya ya leƙa.

"Ka san aikin lambar nan kuwa?" ya tambaye shi.

"Malam, ni za ka tambaya?"

"To, bari dai in faɗa, ko don bango ya ji. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon abin da za a bar wa waƙa. In ka rage ta, waƙar za ta yi ƙanƙanta, amma kwamfuta zubar da wani abu take yi daga cikin sautin, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. Ka nemi babban ma'aji ka ajiye na asali da nauyinsa. In ya so ka matse kwafi kaɗan don waya. Wannan ɗan abin ba zai ɗauki akwatin nan ba."

"Ka ji matsalar mutanen da," in ji Injiniya. "Malam, sauti kamar auduga ne. Ka danne ta a buhu ta yi ƙanƙanta, ran da ka buɗe ta kumbura ta koma yadda take."

Dattijon ya dube shi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya wuce.

Injiniya ya sauko da lamba zuwa ɗari da ashirin da takwas. Amma sake kunna kaset goma sha biyun daga farko ɓata lokaci ne a ganinsa, don haka sai ya kama waɗanda ya riga ya matse ya sake matse su. Manyan na farko kuwa ya goge, domin kwamfutar ma a cike take da finafinai. A kaset na talatin memori ya sake cika. Ya sauko sittin da huɗu, ya sake matse matsattsu.

Duk sanda ya matse sai ya gwada, don shi mutum ne mai bin ƙa'ida. Yakan kunna a 'yar sifikar wayarsa, mai walda na yankan ƙarfe a dama, injin niƙa na ruri a hagu, ya kara a kunne ya gyaɗa kai. "Garau! Ko bambanci babu."

Wata rana da rana tsaka ya kunna a gida, matarsa na wanki.

"Baban yara, mawaƙin nan mura yake yi?"

"Salonsa ne."

"Ni fa na tashi da waƙar nan a kunnena. Ina sarewar?"

"Tana ciki."

"Ban ji ta ba."

"Ta kwanta ne. In aka buɗe a babbar sifika za ta miƙe."

"'Yan amshin fa? Da su shida ne, yanzu kamar mutum ɗaya ne ya sa kai a tulu."

"Uwar yara, ki ji da wankinki. Na taɓa gaya miki yawan sabulun da za ki sa?"

A sittin da huɗu ya kai kaset sittin. A talatin da biyu ya wuce ɗari. A goma sha shida ya haura ɗari biyu, nan ma memori ya ce ya ƙoshi. Ranar Injiniya ya daɗe yana kallon lamba ta ƙarshe. Kwamfutar ma da ya danna takwas sai da ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ita ma ta fara raina mutane, ya danna mata eh.

Wata uku cur aka yi ana wannan. Ranar da kaset na ɗari huɗu da goma sha biyu ya shiga, Injiniya ya fito tsakiyar titi ya ɗaga memorin sama, jan fentinsa na nan, har wani mai keke ya kusa bi ta kansa.

"Ya shiga! Duka! Ina mai askin nan?"

Mai aski ya fito yana goge almakashi. Ya duba shaidarsa, ya ga ita ce. Abin ya ɗan ba shi haushi, sai ya leƙa ƙarƙashin teburin Injiniya.

"To, madalla. Amma wancan akwatin fa, me yake jira?"

"Na Baba ne."

"A'a, faɗi gaskiya dai. Ba ka yarda da aikinka ba ne, shi ya sa ka ajiye tayar safaya."

"Ni ban yarda da aikina ba?"

"Wanda ya gina sabon gida ai ba ya kwana a tsohon kango. Amma ba komai, Injiniya, tsoro ba laifi ba ne."

Allah da ikonsa, a daidai lokacin wani mai lambu yana rumfar yana zaɓen caja. Ya ce in tsofaffin kaset ne ba a so, shi yana so, domin zaren na ƙyalli a rana, in aka ja shi a kan shuka tsuntsaye ba sa sauka. Injiniya ya dubi mai aski, ya dubi jama'ar da ta fara taruwa. Amanar Baba ta zo masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Ɗauki! Har akwatin! Wanda yake da wannan," ya ɗaga memori, "me zai yi da tarkace?"

Murmushin mai aski ya ɗauke. "Kai, wasa fa nake yi."

"Ni kuwa ba na wasa da aiki."

Da mai lambu ya tura akwatin a baro ya tafi, Injiniya ya gaya wa kansa cewa in Baba ya ji waƙoƙinsa garau a memori, ko tunawa da kaset ba zai yi ba. A gida kuwa bai ce uffan ba.

Asabar ta zagayo. Baba ya gayyato abokansa tsofaffin direbobi takwas, aka jera benci a ƙofar gida bayan la'asar. Maƙwabta suka fito, mai aski ya rufe shago, mai gyaran rediyo ya kawo aron manyan sifiku biyu ya jona. Injiniya ya zo da sabuwar riga, ya tsaya a tsakiya ya yi jawabi. Ya yi magana a kan zamani, ya yi magana a kan masu hassada, ya ce akwai waɗanda suka ce kayan tirela ba sa shiga baro, amma ba zai kama suna ba.

"Ɗana," in ji Baba, "sa mana lamba tara."

Lamba tara kuwa tana cikin goma sha biyun farko, waɗanda aka matse, aka sake matsewa, har sau shida. Injiniya ya danna.

Abin da ya fito daga sifikun nan, jama'a, ban san sunansa ba. Ka ɗauki kwaɗi ɗari ka zuba a duro, ka cika shi da ruwa, ka rufe, ka gangara da shi kan dutse, to ka kusa. Can ƙasa akwai wani abu na ƙugi, wanda mai yiwuwa a da mutum ne.

Tsofaffin direbobi suka miƙa wuya.

"Salansar mota ce ta fashe," in ji na farko.

"Ina! Ruwa ne ya shiga inji."

"Ku saurara da kyau, giya ce ta ƙi shiga. Yaro, taka kuloci!"

Wata maƙwabciya ta fito a guje da bokiti biyu. "Famfo ya kawo ruwa ne?"

A ƙarshen benci akwai wani tsoho da kunnensa ya daɗe da yin nauyi. Shi kaɗai ke kaɗa ƙafa yana murmushi. "Kai, waƙar da ba ta tsufa! Shekara goma haka nake jin ta. Yau kowa ya ji abin da nake ji."

"Ku yi haƙuri," in ji Injiniya, gumi na jiƙa sabuwar riga. "Bai gama kumbura ba ne. A ba shi minti biyar."

Aka ba shi minti biyar. Kwaɗi suka ci gaba.

"To, sifikar ce. Malam, kayan nan naka sun tsufa."

Mai gyaran rediyo ya matso. Ya zare wayar sifikar, ya jona ta a rediyonsa, muryar mai labarai ta fito tas, har ana jin numfashinsa. Ya zare, ya mayar da ta Injiniya. Kwaɗi.

"Na gano!" Injiniya ya buɗe kwamfuta a kan gwiwa. "Lambar ce na manta ban mayar ba. Yanzu zan komar da ita ɗari uku da ashirin, ku ga ikon Allah."

Ya danna, aka jira, ya kunna. Mai gyaran rediyo ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Kwaɗin dai ne. Babban gida ka gina musu."

Dariya ta ɓarke har wani tsoho ya faɗo daga benci. Baba kaɗai bai yi ba. Ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Ya isa. Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Je ka kawo min akwatina. A sa lamba tara a rakoda, in ta ga dama ta tauna."

Injiniya ya dubi sama. Ya dubi takalminsa. Ya fara bayani a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suka daina ajiye tarkace.

"Baban yara," in ji matarsa, muryarta ta yi sanyi irin sanyin da ya sani, "ina akwatin babana?"

"Yana... wurin iska mai kyau."

Mai aski ya yi gyaran murya. "Baba, a yafe ni, da bakina a ciki. Yana lambu. Ana korar tsuntsaye da shi."

Baba ya miƙe. Mutumin da ke ɗaukar minti biyu kafin ya tashi daga kujera, ranar tsam ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Direbobi takwas suka bi shi, maƙwabta suka bi su, mai bokiti ma ta bi da bokitanta. Injiniya yana tsakiya, matarsa riƙe da gefen sabuwar rigar kada ya ɓata a hanya.

Tun daga nesa suka hango lambun yana walƙiya. An kafa sanduna, an ja zare daga wannan zuwa wancan a kan tumatir da latas, iska na kaɗa shi yana 'yar ƙara. Baba ya tsaya a bakin shinge.

"Shekara talatin da biyar," ya ce. "Ga su can a kan tumatir."

Mai lambu ya fito a tsorace, ya ga taro. Da ya ji bayani sai ya rantse bai san amana ce ba. Ya nuna akwatin a gindin bishiya: sittin kawai ya zare, sauran na nan ba a taɓa ba. Baba ya durƙusa ya bi kwanson kaset ɗin da aka zubar ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗago wanda aka rubuta wa tara. Wayam. Zarensa na can ya ratsa kunya huɗu.

Mai gyaran rediyo ya bi zaren da yatsa tun daga farko har ƙarshe. "Bai tsinke ba. Rana ta ɗan taɓa shi, za a ji rawa a wasu wurare, amma sarewar na nan. A naɗe shi a hankali da biro, kada a ja. Duka sittin ɗin haka za a yi musu."

"Wa zai naɗe?" wani ya tambaya.

Matar Injiniya ta buɗe jaka, ta zaro biro, ta danƙa wa mijinta.

"To, ni fa?" in ji mai lambu. "In aka kwashe zaren, wa zai kore min tsuntsaye? Kafin jibi sun gama da ni."

Baba ya shafa gemu. Ya juya wurin mai gyaran rediyo. "Malam, kana da sifika mai batir?"

Aka aika aka kawo, aka rataya a reshen bishiya, aka sa memori mai jan fenti. Da kwaɗin nan suka buɗe baki, duk tsuntsun da ke lambun ya tashi. Na lambun kusa ma suka tashi. Wani kare da ke barci a gindin shinge ya bar wurin bai waiwaya ba. Mai lambu ya kama hannun Baba da hannu biyu yana godiya, ya ce wannan ya fi zare sau goma.

Kwana tara Injiniya ya yi a lambun nan, a tsugune tsakanin kunyoyin shuka, yana juya biro. Baba na zaune a inuwa a kan akwatinsa, duk wanda aka naɗe sai ya karɓa ya duba, ya hura, ya mayar da shi gurbinsa. A rana ta biyu mai aski ya zo kallo, ya jingina da shinge.

"Sannu da aiki, Injiniya. Yaya kasuwar sauti?"

Injiniya ya share gumi, ya nuna bishiyar da biro. "Ka ga tsuntsu ko ɗaya? Ku matsalarku rashin hangen nesa. Wa ya gaya muku don mutane na yi shi?"

"Juya biro, ɗana," in ji Baba. "A hankali. Saura hamsin da uku."

Nan zaren nawa ya ƙare, ƙat.